Zuwa Ga Ɗana, Kan Injinsa Mai Lasar Wuta

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya karatu, ya sanyin Jos?

Na kalli bidiyon da ka turo na ɗan injin da ka haɗa ya ƙi tashi. Aikin hannunka ya yi tsabta, ba laifi. Amma maganar da ka yi cewa za ka cire 'yar fitilar ka sa masa wutar gas don ya tashi, ita ce ban yarda da ita ba. Injinka ba wuta ya rasa ba.

Ka tuna yadda abin yake. Fistin ya ja baya, ya zuƙo harshen wuta ta 'yar ƙofar nan ta fuskar silinda, bawul ya rufe, zazzafar iskar ta taɓa bangon silinda ta huce ta tsuke, sai iskar waje ta turo fistin ya koma ciki. Kamar ƙahon wanzami ne: da an rage iskar ciki, ta waje ce ke dannawa. Haka injin Newcomen na 1712 a Ingila yake aiki, sai dai shi tururi yake sanyayawa da ruwa. To nawa ne ƙarfin iskar wajen? A bakin teku kimanin kilo 1 ne a kan kowace murabba'in santimita. Fistinka mai faɗin santimita 2 ko da ka kwashe iskar ciki kakaf, abin da zai samu bai wuce kilo 3 da 'yan kai ba, kuma ba za ka taɓa kwashe ta kakaf ba, ɗan kaso kawai kake samu. Ga shi kana Jos, tudun da ya kai mita 1,200, inda nauyin iska ya ragu da kusan kashi 13 cikin ɗari. Mai wannan ɗan jarin ba ya ɓarna. Duk inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, nan ƙarfinka ke zurarewa.

Saboda haka ajiye ashana tukuna. Cire sandar fistin, ka kaɗa fulawil, wato faifan nan mai nauyi da ke juyawa, shi kaɗai da yatsa. In ya yi 'yan juyi ya tsaya cak, boris ɗinka ne. Giris ɗin da suke zuwa da shi daga kamfani ya yi wa wannan aiki kauri. Ɓalle murfinsu ka wanke su tas. Sannan ka tsayar da silindar, ka saki fistin daga sama. In ƙofa a buɗe take, ya kamata ya sulale da nauyin kansa. In ka toshe ta da babban yatsa, ya tsaya, ko ya riƙa sauka a hankali ƙwarai. Wanda ya cije ya matse da yawa, wanda ya faɗi duk da ka toshe yana yoyon iska, sai an sake wani. Nan ne aikin yake, kuma nan ne yawancin mutane ke gajiya.

A bidiyon na hango kwalbar baƙin mai a gefenka. In ka ɗiga shi a silinda, to ga ɓarawonka nan. Zafi yana dafa shi ya zama danƙo. Wanke da sifirit, ka kankare bakin fensir mai laushi ka shafa garin, ya wadatar. Dalilin da ya sa masu wannan sana'a suka fi son silindar ƙarfen kas, wato ƙarfen zubi, da fistin na girafait, wato baƙin da ke cikin fensir, ke nan: kas ɗin kansa akwai girafait a jikinsa, santsinsa daga gida yake.

Bawul kuma ya kwanta lif a fuskar silinda. Shimfiɗa sanfefa mafi laushi a kan gilashi, ka goga fuskokin biyu har sai sun yi sumul, ka ɗaga su a haske ka ga ba ƙyalli a tsakani. Sifirin ɗin da ke danne bawul ya zama mai taushi, iyakar abin da zai riƙe bawul a wurinsa. Mai tauri cinye ƙarfin injin zai yi.

Sai ka kunna. Sifirit za ka sa, ba kananzir ba, don hayaƙin kananzir zai toshe maka komai. Kada ka yi gaggawar kaɗawa: sifirit in ya ƙone yana fitar da tururin ruwa, in ya tarar da silinda da sanyi sai ya zama raɓa ya riƙe fistin. Da sanyinku na can abin zai fi yawa. Gasa silindar 'yan mintoci har ta yi ɗumi sosai. In kuma ta yi zafi fiye da kima bayan ya daɗe yana gudu, zai rage sauri ya mutu, domin iskar ba ta da inda za ta huce. Ba lalacewa ya yi ba, bar shi ya sha iska.

Lagwani ya zama mai faɗi, harshen wutar ya rufe ƙofar gaba ɗaya, in ba haka ba iska mai sanyi zai riƙa zuƙa. Matsar da fitilar kaɗan-kaɗan, milimita ɗaya ma tana canja magana. Rufe taga, kashe fanka. Taimin kuwa, wato lokacin buɗewa da rufewar bawul, so ake bawul ya rufe kafin fistin ya kai ƙarshen fitarsa. Yi wa kam ɗin da ke buɗe bawul da rufe shi alama, ka juya shi ƙiris, ka gwada, ka rubuta. Abu ɗaya a lokaci ɗaya. In ka taɓa uku ya tashi, ba za ka san wanne ya yi aikin ba, gobe in ya ƙi ka koma farko.

Wutar sifirit ba a ganinta sosai da rana. Kada ka ƙara mai sai ka tabbata fitilar ta mutu ta huce, kuma kwalbar ta yi nisa da tebur. Kada ka yi wannan aikin kusa da katifa.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce kada injin ya hana ka karatun jarrabawa. Ka gwada fistin yadda na faɗa, ka gaya mini abin da ka gani. Allah ya yi maka albarka.

Ni ne,
Mahaifinka