Allo a Ƙasan Akwati

Tudun Wada, Kaduna

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da takwarana. Mu nan sai godiyar Allah. Damina ta kankama, kogi ya kawo ruwa sosai, masara har ta fara bunni a bayan gida.

Na zaɓi in rubuto maka maimakon in kira, don maganar waya iska ke tafiya da ita. Wannan kuwa ina so ka karanta a natse, ka miƙa wa maiɗakinka ita ma ta karanta.

Ranar Sallah da kuka kira mu muna ganin juna, mahaifiyarka ta ce wa yaron, "Maigida, ina goron Sallata?" Ya yi murmushi, ya juya ya zuba maka ido yana jiran fassara. Ka fassara masa, ya amsa da Turanci, aka yi dariya, har da ita. Amma da aka kashe wayar ta daɗe zaune a kan darduma ba ta ce uffan ba. Can sai ta ce da ni, "Malam, yanzu ni da jikana sai da tafinta?" Tun daga ranar maganar take cina.

Kada ka ɗauka ina baƙin ciki da yawon da kuke yi da shi. Wallahi alfahari nake yi. Yaro ɗan shekara 9 ya yi rarrafe a Kaduna, ya fara makaranta a Kuala Lumpur lokacin karatunka, yanzu ga shi a Santambul yana kallon dusar ƙanƙara ta taga. Da ya ba ni labarin jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin teku daga Turai zuwa Asiya, wanda aka buɗe a 2013, sai da na yi tasbihi. Ni ɗan ma'aikacin reluwe ne, amma ban taɓa tsammanin jinina zai shiga jirgi a ƙarƙashin ruwa ba. Gani ya kori ji, kuma abin da ya gani babu mai ƙwace masa. Ku ci gaba da fita da shi, ku kai shi masallatan nan na Daular Usmaniyya, ku bar shi ya yi ciniki da bakinsa a kasuwa, ya ci abincin mutane ba tare da yatsina fuska ba.

Abin da nake so ka sani shi ne, ni ma irin wannan yarintar na yi, ko da yake tawa ba ta tsallaka iyaka ba. Kakanka, Allah Ya jiƙansa, duk inda aka tura shi da mu yake tafiya. Daga Kaduna Junction aka kai mu Kafanchan, daga can Makurɗi, inda na fara ganin gadar Binuwai na ƙanƙame zanen Inna don tsoro, sannan Minna. Firamare huɗu na yi kafin in gama. Manya suna ganin yaro bai san komai ba, a ɗaure kaya kawai a jefa shi cikin tarago. Ba haka ba ne. A Kafanchan ina da aboki, tare muke ɗana tarkon tsuntsaye a bayan bariki. Da asuba aka tashe ni aka ce jirgi ya kusa, ban yi masa sallama ba, kuma ban sake ganinsa ba har yau. Shekara fiye da 60 ke nan, ina iya tuna tabon da ke goshinsa. Saboda haka idan wani tashin ya sake zuwa muku, ka gaya wa yaron tun da wuri. A bar shi ya yi ban kwana, ya karɓi lambobin abokansa, ya yi kukansa idan kukan ya zo. Kada ka ce masa namiji ba ya kuka.

Ka kuma sa ido a kan karatunsa duk lokacin da aka canja makaranta. Ni a tsakiyar zango muka bar Kafanchan ana shirin fara lissafin kuɗi, na tarar 'yan Makurɗi sun wuce wurin. Kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, wannan ɗan abin ya wahalar da ni shekara guda, ina jin kunyar tambaya. Ka zauna da malaminsa, ku gano ramin da tafiya ta bari, a cike shi tun bai yi zurfi ba.

To me ya hana mu ɓacewa a wannan yawo? Na daɗe ina tunani, amsar da na samu tana cikin akwatin ƙarfen kakanka. Kafin a sa tufafi, allunanmu yake fara shimfiɗawa a ƙasa. Duk garin da muka sauka, kafin Inna ta gama kafa murhu ya riga ya nemo malamin da za mu riƙa zuwa wurinsa. A waje muna jin Tibi, muna jin Nupe, muna jin Turancin bariki, har muna kwaikwaya. Amma da zarar ka tsallaka dokin ƙofa, Hausa ce. Da safe a durƙusa a gaida Baba, da dare tuwo da miyar kuka, bayan isha'i Inna ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Garuruwa suna canjawa ta tagar jirgi, cikin gidanmu bai taɓa canjawa ba.

Kuma ba mu muka fara ba. Fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro sun zauna a Salaga da Kumasi, yau jikokin jikokinsu a zango Hausa suke yi. A Sudan akwai garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa tare da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Fiye da shekara 100, har yanzu ana jin Fulatanci da Hausa a yankin. Waɗannan mutane ba su da waya, ba su da jirgin sama, iyaye mata ne kawai suka ƙi sakin harshen a bakin murhu.

Na san dalilinku. Kuna tsoron kada harsuna su yi masa yawa ya rikice, shi ya sa kuka tsaya a kan Turanci. Ku cire wannan tsoron. Yaran Kaduna nawa ne ke tashi da harshe uku, na gida da Hausa da Turanci, ba abin da ya same su? Turanci makaranta za ta ba shi, Turkanci titi zai ba shi ko ba ku so. Hausa kuwa, a duk faɗin Santambul, idan bai ji ta a bakinku ba, wa zai ba shi? Ku yi masa Hausa ko ya amsa da Turanci. Kada a yi masa dariya idan ya karya kalma, kada a matsa masa har ya ƙi ta. A aike shi da ita, a yi masa faɗa da ita, a lallashe shi da ita. Icen yana ɗanye tukuna.

Na ba wani ɗan kasuwa da zai zo sarin kaya saƙo ya kawo muku. Akwai kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya daga mahaifiyarka. A ƙasan jakar akwai allo, sabo ne, na sa an sassaƙa masa, na rubuta masa Fatiha da hannuna. Ka nuna masa yadda ake wankewa.

Sannan dogon hutunsu mai zuwa ina roƙon ka kawo shi, ba na mako ɗaya a otal ba. Ka bar mana shi wata biyu a cikin gidan nan tare da 'ya'yan ƙannenka, su ci a kwano ɗaya, su yi faɗa su shirya. Ku hau jirgin ƙasa daga tashar Idu a Abuja, zan tarye ku a Rigasa. Ina so in riƙe hannunsa in kai shi Kaduna Junction ya ga inda kakan babansa ya yi aiki, mu je lambun Gamji ya taka gadar Gwamna Lugga da aka ɗauko daga Zungeru, ranar Juma'a mu yi salla a masallacin Sultan Bello. Mahaifiyarka ta riga ta fara tanadin tatsuniyoyi, ta ce da Gizo za ta fara.

Ka gaishe min da surukata da kyau, ka ce ina yaba ƙoƙarinta. Ka shafa min kan takwarana. Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare ku a duk inda kuka sa ƙafa.

Ni ne,
Mahaifinka