Roƙon Tallafi: A Taimaka Mu Kwashe Tsofaffin Tayoyin Bayan Makaranta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu maza da mata, tsofaffin ɗalibai da sauran bayin Allah, wannan kira ne daga kwamitin iyaye da malamai na Islamiyyar unguwarmu a nan Kano. Duk mai bi ta lungun bayan makaranta ya ga yadda tsohon kududdufin nan ya koma juji na tsofaffin tayoyi. Da dare ake zuwa a juye su, na tirela da na bas da na Keke Napep, har tsibin ya kai tagar ajin ƙananan yara.

Da damina kowace taya sai ta riƙe ruwa a cikinta, kuma ko an kifa ta ba ya tsiyayewa duka. A irin wannan ruwa ne sauron nan mai ratsin fari da baƙi yake ƙyanƙyasa, wanda ke yaɗa zazzaɓin shawara da na dengi. Shi da rana yake cizo, daidai lokacin da yara ke zaune kan tabarma suna biya karatu, don haka gidan sauron da ke gida bai kare su ba. Da rani kuma samari masu neman wayar cikin taya su sayar wa 'yan gwangwan sukan cinna wa biyu ko uku wuta. Washegari malam ya shafa allo ya ga hannunsa baƙi ƙirin, masu asma kuwa sai dai a mayar da su gida.

Wasu sun ba mu shawara cewa a zuba fetur a banka wa tsibin wuta gaba ɗaya a huta, ba sai an kashe ko sisi ba. Mun gode, amma kwamiti bai yarda ba. Wutar taya ba ta jin ruwa, tana ci ne ta ƙarƙashi, roba na narkewa tana zama mai yana shiga ƙasa, mu kuwa rijiyoyinmu na nan kusa. A jihar Bajiniya ta Amurka, a 1983, wani juji mai tayoyi kusan miliyan 7 ya kama da wuta ya yi wata 9 yana ci. A Kanada ma, a 1990, wata gobarar taya ta yi kwana 17 sai da aka kwashe mutane daga gidajensu. Namu bai kai nan ba, amma su a bayan gari abin ya faru, namu kuwa katanga ɗaya ce tsakaninsa da yara.

Bayan irin waɗannan gobara ne jihohin Amurka da dama suka sa ɗan kuɗi a kan kowace sabuwar taya don kwashe tsofaffi, suka kuma wajabta wa masu jigilarsu yin rajista. Tsibin tsofaffin tayoyin Amurka gaba ɗaya da ya kai kimanin biliyan 1 a 1990 ya ragu zuwa wajen miliyan 50. Mu ma muna da doka. An kafa NESREA, hukumar tarayya mai kula da dokokin muhalli, a 2007, ta fitar da ƙa'idojin shara a 2009 da na hana ƙone-ƙone a fili a 2011, ga kuma tsaftar muhalli ta ƙarshen wata. Mun kai kukanmu ga mai unguwa da hukumar da abin ya shafa, kuma za mu ci gaba da bibiya. Sai dai ko yau aka kwashe, in fili ya zauna a buɗe, masu juyewa za su dawo.

Shi ya sa babban abin da muke nema shi ne katanga. Muna buƙatar bulo, siminti, yashi da ƙofar ƙarfe. Sai kuɗin hayar tifa da na leburori, da ƙasar cike ramin. Masu yin guga da takalmi da igiyar roba, ku zo ku zaɓi waɗanda za su yi muku amfani kyauta, da sharaɗin ba za a ƙone ko ɗaya ba. Sauran za a kai inda hukuma ta nuna mana. Masu faci na bakin titi, ku ma 'ya'yanku na cikin makarantar nan, don Allah ku riƙa tambayar wanda ya kwashi tayoyinku inda zai kai su.

Wanda ke da buhun siminti ɗaya ya kawo. Wanda ba shi da kuɗi amma yana da ƙarfi, ya zo da safar hannu da takalmi mai rufi ranar gayya, domin akwai macizai da kunamu a ciki. Yara kada su taɓa komai.

Ana karɓar gudummawa a ofishin shugaban makaranta, ko a hannun ma'ajin kwamiti bayan sallar Juma'a. Kowa ya karɓi rasit, kuma za a liƙa lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe a ƙofar makaranta. Muna so a gama kafin ruwan farko ya sauka.

Allah ya saka da alheri, ya sa a mizani.

Kwamitin Iyaye da Malamai