Shirinku na ƙattin ƙwayoyin bairos na teku ya ja wa Innata asara

Assalamu alaikum Malam Edita,

Wallahi tun daren Laraba nake cike da ku, na dai bari zuciyata ta ɗan sauka ne kar in rubuta abin da zan zo ina da-na-sani. Wanga shiri da kunka yi a rediyo kan manyan ƙwayoyin bairos da anka gano cikin teku bai yi ba, ko kaɗan bai yi ba. Mai gabatarwa ya ɗauko magana ta ilimi mai daɗin ji ya mai da ita abin firgita jama'a, yana ta nanata ƙattin ƙwayoyin cuta, ƙattin ƙwayoyin cuta, ga kiɗan nan na tashin hankali yana tashi a ƙasa, sannan ya rufe da cewa a yi hattara da duk abin da ya fito teku. Hattara da mi don Allah? Bai faɗa ba, ya bar mutane kowa ya ƙarasa da kanshi.

To ga yadda anka ƙarasa. Innata na suyar kifi ƙofar gidanmu nan Mabera shekara ta fi goma, kifin ƙanƙara take saye rabin kwali wani lokaci kwali guda in kasuwa ta yi kyau, kuma da wagga sana'a take riƙe da marayun ƙanena su ukku. Kafin azahar ɗin Alhamis wata ta riga ta yi saƙon murya a WhatsApp cewa rediyo ta ce kifin teku na ɗauke da cutar da ta fi korona, saƙon ya zagaye guruf ɗin matan unguwa kaf, da Inna ta kasa kifinta da la'asar mutum huɗu kacal sunka saya, wata maƙwabciya ma da ta aiko yaro sai ta biyo shi da gudu ta karɓe kuɗinta. Ga zafin Sakkwato ga babu wuta, ɗanyen da ya rage bai kai Juma'a ba ya lalace, da hannuna na kai shi bola. Tsohuwa ta zauna bakin murhu tana share hawaye da gefen zane tana tambayata, "Malam, da gaske ne guba nake ba ɗiyan mutane?" Wannan tambaya ita ta hana ni barci.

Ni malamin bayoloji ne a sakandare, kuma abin ya ƙara min zafi don na san labarin ba haka yake ba. Kalmar ƙato da kuka yi ta ja, ƙato ne a cikin 'yan uwanshi kawai. Ɗaya daga cikinsu, Pandoravirus, da anka bayyana a 2013, wanda anka samo cikin laka a gaɓar tekun ƙasar Cile, sai ka jera guda dubu kafin su cika milimita ɗaya, silin gashin kanka ɗaya ya fi shi kauri fiye da sau hamsin. Abin da ya ba masana mamaki shi ne ana iya ganinshi da madubin awon da muke da irinshi a ɗakin gwajin makaranta, alhali bairos na mura ko na shan inna sai da na'ura ta musamman. Na biyu kuma yawan ƙwayoyin gadonshi, kusan 2,500, ga HIV duk ɓarnar da take yi guda 9 gare ta. Kun ga ashe girma daban, haɗari daban. Kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗannan ƙwayoyin gado ba su yi kama da na kowace halitta da aka sani ba, wannan shi ne ainihin labarin, shi ya kamata ku tsaya a kai mutum ya ji ya ce Allahu Akbar.

Na farkonsu ma, Mimivirus, ba teku anka same shi ba, cikin ruwan wata hasumiyar sanyaya ruwa ne a garin Biradfod na Ingila a 1992, kuma saboda girmanshi sai da anka shekara goma ana zaton bakteriya ce kafin masana a Marsel ta Faransa su tabbatar a 2003 cewa bairos ne. Wa yake kamawa? Amiba, wata 'yar halitta mai tantani guda da ke cikin ruwa da laka, ita ke haɗiye shi tana zaton abinci ta samu sai ya hayayyafa cikinta ya fasa ta. Na cikin teku haka suke, abokan harkarsu amiba da gansakuka da sauran ƙananan halittun ruwa. In gansakuka ta yi yawa ta rufe fuskar teku su ke karya ta, abincin da ke jikinta ya koma ruwa wasu su amfana, kuma waɗannan ƙananan tsirran teku su ke samar da kusan rabin iskar oksijin da duniya ke samu. Cokali ɗaya na ruwan teku akwai miliyoyin bairos ciki, tun kafin a haifi kakanninmu suna nan, mutanen Legas da Fatakwal na ta cin kifinsu. Gano su ne sabo.

Malam Edita kai ma ka san mu nan arewa jita-jita ba abin wasa ba ce. Mun ga abin da ta yi wa rigakafin shan inna a 2003, sai da sarakuna da malamai sunka sha wahala shekara da shekaru kafin a kai 2020 da anka tabbatar an rabu da bairos ɗin shan inna na asali. Mutanenmu in rediyo ta faɗi magana ta zauna, tsohuwa ba ta da intanet ɗin da za ta bincika, ku ne intanet ɗinta. In tsoron ƙwayoyin cikin ruwa kuke son sa wa mutane, ga amai da gudawa nan duk damina tana kwasar yara a ƙauyukanmu saboda ruwan rijiya da na gulbi da ba a tafasawa, wannan shi ne ruwan da ya shafe mu, teku kuwa da yawanmu har mu mutu ba mu gan shi ba.

Abin da nake roƙo, ku sake shirin a daidai lokacin da kunka yi na farko, ku gayyato malami daga sashen nazarin ƙananan halittu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya yi bayani da Hausa, kuma mai gabatarwa ya faɗa da bakinshi cewa waɗannan bairos ba su da alaƙa da kifin da ake soyawa a unguwa. Kuɗin Inna ba za su dawo ba, amma aƙalla masu sayenta su dawo.

Sannan tunda na samu dama, tallan masu maganin gargajiya da kuke sakawa bayan magariba don Allah ku duba shi. Lokacin nan muna zaune tsakar gida da yara da surukai ana cin tuwo, sai mutum ya kama zayyano cututtukan ma'aurata da kalaman da ba su dace ba, ran nan sai da na tashi na kashe rediyon gaban baƙi. In dole sai kun saka, ku mai da shi bayan ƙarfe goma na dare.

Wassalam,
Mai sauraronku kullum, malamin makaranta daga Mabera, Sakkwato.