Wasiƙa daga Yawuri: layin da ke jikin jirgi

Yelwan Yawuri, Jihar Kebbi

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara da sauran 'yan'uwanmu da ke zaune a Jidda. Mu ma nan sai godiyar Allah. Inna na gaishe ka, ta ce kada ka manta da ita a addu'a in ka shiga Harami.

Kwanan baya na raka motar albasa zuwa Legas, kasuwar Mile 12. Da aka gama ciniki, ɗan yayana da ke aikin fiton kaya a kwastan ya ce ba zai bar ni in dawo ban ga tashar jiragen ruwa ba, kuma ta ruwa za mu bi, don wanda ya bi ta titi ba abin da zai gani sai katanga da layin tireloli. Muka yi hayar ƙaramin jirgi mai inji daga Marina. Kafin a tayar da inji sai da aka ƙirga mu, aka miƙa wa kowa rigar ruwa, matuƙin ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana jan igiyar ya ga ta ɗauru.

Ni da kai a bakin Kwara muka tashi, jirgi ba baƙonmu ba ne. Amma wallahi da muka doshi tashar Apapa sai na rasa bakin magana. Jirgi ɗaya tsawonsa ya haura mita 200, an jera masa kwantenoni hawa kan hawa. Injinan ɗaga kaya suna sunkuyowa su cafki kwantena mai ƙafa 40 su dire ta kan tirela, kafin wannan ta matsa wata ta shigo. Gaba kaɗan ga rumbunan kamfanin fulawa, inda ake zuƙo alkama daga cikin jirgi. Burodin da muke ci a Yelwa, yawancin alkamarsa ta nan take shigowa. Riɗi da zoɓorodo da cittar Arewa kuma ta nan suke fita, kamar yadda gyaɗar iyayenmu ta riƙa fita tun da layin dogo ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Daga nan muka ratsa ta tashar Tin Can, wadda aka buɗe a 1977 bayan cunkoson jiragen siminti na 1975, lokacin da ɗaruruwan jirage suka yi watanni a teku suna jiran wurin sauke kaya. Matuƙinmu bai yarda ya matsa sosai ba, ya ce akwai iyakar da jami'an tsaro ba sa bari a ƙetare.

Duk wannan abin kallo ne, amma ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba. Akwai wani jirgi da ya gama sauke kaya ya taso sama, har jan fentin ƙasansa ya fito fili. A tsakiyar jikinsa na ga an zana da'ira da farin fenti, an ratsa ta da layi a kwance, a gefenta kuma ga wasu gajerun layuka a jere kamar haƙoran matsefi. Na tambaya, ɗan yayana ya ce alamar lodi ke nan. Komai kuɗin mai kaya, komai gaggawarsa, ba a yarda ruwa ya haye layin nan ba. In ya haye, jirgi ba zai bar tasha ba sai an rage. Gajerun layukan kuma saboda ruwa ba ɗaya ba ne: jirgi ya fi nutsewa a ruwan daɗi fiye da ruwan gishiri, kuma tekun hunturu ya fi na bazara hauka, don haka kowane hali da nasa layin. Wani ɗan majalisar Ingila, Samuel Plimsoll, shi ya tsaya kai da fata a kan maganar, ganin yadda masu jirage ke maƙare su da kaya ma'aikata na halaka, har aka yi doka a 1876. A 1966 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a kai.

Ina kallon layin nan hankalina ya koma garin Warra da ke bakin tafkin Kainji. Ka tuna watan Mayun 2021, jirgin da ya taso daga ɓangaren jihar Neja ya tsage a tsakiyar ruwa, mutum sama da ɗari suka salwanta, akasari mata da yara da 'yan kasuwa. Aka yi kwanaki ana tsamo gawarwaki. Kowa a bakin ruwa ya san abin da ya jawo: tsohon jirgin katako, an zuba masa mutane da buhuna da babura fiye da ƙarfinsa. Ga kututturan itatuwan da tafkin Kainji ya shanye tun 1968, suna nan a ƙarƙashin ruwa, matuƙi ba ya ganinsu sai ya hau kai, balle da dare. Mun yarda da ƙaddara, Allah ya jiƙansu da rahama. Sai dai jirgin ƙarfe mai inji kamar gida, wanda aka ƙera don teku, masu shi sun yi masa iyaka suna tsoron ruwa, mu kuma namu na katako muna loda shi har fasinja ya miƙa hannu ya taɓa ruwa yana zaune. Wannan abu ya tsaya min a rai.

Na san abin da masu jirage za su ce, don na zauna da su. Mai ya yi tsada, kasuwa sau ɗaya take ci a mako, in ka rage mutum ashirin ka rage abincin gidanka. Fasinja ma ba ya haƙuri, in ka hana shi ya ce ka raina shi, ya faɗa jirgin maƙwabcinka. Gaskiya suka faɗa, shi ya sa mutum ɗaya ba zai iya ba. Sai an haɗu an yarda gaba ɗaya, kuɗin fito ya ɗan ƙaru a kan kowa, kuma a sami wanda zai tsaya a mashiga yana dubawa. Hukumar NIWA, mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, tana da dokokinta na rigar ruwa da hana tafiyar dare, amma ma'aikatanta ba za su iya tsare kowace mashiga daga Yawuri zuwa Ngaski ba. Mutanen bakin ruwa su ne kullum a wurin.

Ga abin da na ƙudurta. Jiragen gidanmu zan fara da su: a loda su daidai yadda tsofaffin matuƙa suka ce ya isa, a shata layi da farin fenti a inda ruwa ya tsaya, dama da hagu, yadda ko yaro zai gani daga tudu. Na riga na yi wa Baffa maganar, ya yi shiru ya ce in kawo fenti. Bayan haka zan je wurin Sarkin Ruwa da shugabannin ƙungiyar masu jirage, don maganarsu ta fi tawa nauyi.

Alfarma biyu nake nema wurinka. In ka sami zuwa bakin teku a nan Jidda inda aka yarda a ɗauki hoto, ka ɗauko min alamar nan a jikin wani jirgi ka turo ta WhatsApp, dattawa su gani da idonsu cewa har a ƙasa mai tsarki haka ake yi. Sannan ka yi wa 'yan Yawuri da ke wurinku maganar rigunan ruwa, ko da na yara ne kaɗai a fara saye. Zan tambayo farashi in sanar da kai.

Ka gaishe min da maiɗakinka da yara, da malaminmu in kun haɗu. Allah ya sada mu da alheri.

Wassalam,
naka amini har kullum.