Maganar ƙasa da ƙasa ta koma Facebook, mu na bakin gada ina muka dosa?

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Dan Allah a bani ɗan fili, ni ɗan kasuwa ne a Kusiri, kusan kullum sai na tsallaka gadar Ngeli zuwa Njamena, to abinda ke tsakanin gwamnatoci mu a jikinmu muke jinsa kafin ya fito a jarida.

Abinda ya sa na ɗauko rubutun nan, ɗan yayana ne da ke karatu a Marwa ya zo hutu muna hira da daddare yake faɗa min wai a makaranta an raba masana harkar ƙasashe kashi kashi. Akwai masu cewa duniya kashin dankali ce, babba danne ƙarami, babu wani sarki a saman ƙasashe sai dai kowa tasa ta fisshe shi. Akwai masu cewa a'a, cuɗe ni in cuɗe ka ne, idan akwai ciniki da yarjejeniya da kotu to ko mai ƙarfi zai ji kunyar taka doka. Na ukun kuma wai yadda kuka ɗauki juna shine ke maida ku abokai ko maƙiya. Nace masa ɗana ai duk ukun nan na gansu da idona a yankin nan ba tare da na shiga aji ba.

Masu maganar doka suna da hujja, ba zan hana su ba. Chadi da Libiya sun zubar da jini akan yankin Awuzu da ke kan iyakarsu, amma kotun duniya ce a 1994 ta ce na Chadi ne, kuma Gaddafi ya janye sojansa a shekarar. Bakassi da Najeriya da Kamaru suka yi rigima a kai ma haka, hukunci ya fito a 2002, Obasanjo da Paul Biya na Kamaru suka sa hannu a Greentree can Amurka a 2006 gaban Kofi Annan, ba a gama miƙawa ba sai Agustan 2008. Malam Edita ka duba tsawon lokacin nan fa, shekara shida ana zama ana tashi ana shan shayi a ɗaki a rufe, kowa na neman hanyar da zai sauko ba tare da mutanensa sun ce ya ji tsoro ba. Wlh na kan tambayi kaina da a ce lokacin akwai TikTok da WhatsApp kaman yanzu, kowace safiya a tashi da sabon bidiyo wai ga sojan wancan ya mari masuncin wancan, rabi gaskiya rabi tsohon hoto ne daga wata ƙasa, anya Obasanjo zai iya sa wannan hannun?

Yanzu kuwa komai a waya. Ran 28 ga Nuwamban 2024 ministan harkokin wajen Faransa yana barin Njamena da 'yan awoyi sai ga sanarwa a Facebook cewa Chadi ta soke yarjejeniyar tsaro da Faransa, mu a shago muka gani tun kafin rediyon safe, kuma zuwa ƙarshen Janairun 2025 sojan Faransa sun tattara. A watan Yunin 2025 da Trump ya sa Chadi cikin ƙasashen da ya hana shiga Amurka, shugaban Chadi Mahamat Debi a Facebook ya maida martani, ya dakatar da biza ga Amurkawa ya ce Chadi bata da jirgin da zata bayar kyauta amma tana da mutunci. Ba ƙarya ranar samari sun ji daɗi, nima na ji. Amma magana zarar bunu ce, abinda shugaba ya rubuta mutum dubbai suka yaɗa, gobe jakadansa ta ina zai bi ya sassauta?

Kuma mu ne ke fara biya. Akwai ranar da wani saƙon murya ya zaga wai za a rufe gada, kafin azahar masu moto sun ninka kuɗi, mai albasa ya karyar da kayansa kar su ruɓe masa, wani jami'i da na tambaya yace shima a wayarsa ya gani, bai samu takarda ba. Har yamma babu abinda aka rufe.

Sai dai inda na fi tsayawa, kuma nan ne muka yi ta musu da yaron nan har ya ce Baffa kai ashe ɗan kashin dankali ne, shine wa ke riƙe da igiyar. Chadi bata da teku, man Doba ta bututu yake bi kilomita 1,070 har Kiribi a bakin tekun Kamaru, kayanmu daga Duwala suke hawowa, wayar intanet ɗin ma ta ƙasar Kamaru take shigowa ta nan gefenmu, wata kuma ta Sudan inda ake yaƙi tun 2023. A Afrilun 2023 da rigimar hannun jarin bututun nan ta taso har Chadi ta kira jakadanta daga Yawunde, ba a rubuce rubucen waya aka kashe wutar ba, manzo aka tura aka zauna. Sannan su kansu gwamnatocin sun san inda makunnin yake, Chadi ta toshe su WhatsApp da Facebook daga Maris 2018 har Yulin 2019, Kamaru ta yanke intanet a yankin masu Ingilishi wata uku a 2017. To filin da wani zai iya kashe maka da yatsa ɗaya, kamfanin Facebook ɗin ma yana can Amurka, ta yaya zaka ce ka samu 'yancin magana da duniya a kansa.

Roƙona gare ku 'yan jarida, idan shugaba ya yi rubutu a Facebook kar ku tsaya a kwafo mana shi, wannan mun riga mun gani. Ku bi mana sawu, bayan sati biyu wa aka tura, me aka sa wa hannu, duwan wato kwastan sun samu umarni ko basu samu ba. Kuma hukumar tafkin Chadi da aka kafa tun 1964, hedikwatarta na nan Njamena tsallaken ruwa, a tura wakili ya tambayo mana ina aka kwana tun da Nijar ta fice daga rundunar haɗin gwiwa mai yaƙi da Boko Haram a 2025, domin masu kawo mana banda daga tafki tambayar da suke yi kenan.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai karatunku daga Kusiri, Arewa Mai Nisa, Kamaru