Wasiƙa zuwa ga 'yata a kan aikin ƙwan kifi

'Yata,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya sanyin Gaundare? Mu nan Garuwa lafiya lau, sai zafin da kika sani.

Mamanki ta ce kina ɗari-ɗari da binciken da malaminki ya ba ki, wai ƙawayenki na cewa an tura ki jami'a kin ɓige da leƙen ƙwan kifi. Ki karɓi aikin. Duk koyarwar kimiyyar da na yi a lise, wato makarantar sakandare, a littafi kaɗai na ga abin da ke za ki gani da idonki.

Ƙwayoyin gadon da ke cikin ido su ne dai ke cikin kunne da wutsiya. Bambancin yana wajen wadda aka kunna, a ina, kuma yaushe. Don binciken wannan, masana sun riƙe kifin zebra, ɗan mitsitsin kifin ƙasar Indiya, saboda ƙwansa garau yake, ana ganin komai, kuma cikin kwana 2 zuwa 3 ya ƙyanƙyashe.

In kin ga giwan ruwan tafkin Lagdo a kasuwa, ki duba layin nan da ya taso daga bayan kai har wutsiya. Da shi kifi ke jin motsin ruwa ko a duhu. Ga yadda layin ke samuwa: a ɗan tayin zebra, wani curin ƙwayoyin jiki ne ke tasowa daga bayan kunne, ya bi sawun sinadarin Cxcl12a, kafin cikar kwana 2 ya kai wutsiya. Yana tafiya yana yada ƙananan curi, kamar mai shuka a kan kunya. A goshin curin saƙon sinadarin Wnt ke aiki, a baya kuma sinadarin Fgf ke tattara ƙwayoyin su yi da'ira. Sai ƙwayar gado atoh1a ta kunnu a ta tsakiya, ta ɗora ta kan hanyar zama ƙwaya mai gashi, wadda ke jin motsin ruwa, ita kuma ta hana maƙwabtanta zama haka ta hanyar wani saƙo da ake kira Notch. Idan ƙwayar gado cxcr4b, wadda ke sa curin ya ji sawun Cxcl12a, ta lalace, curin ba ya gane hanya, sai layin ya tsaya guntu.

Ga abin da za ki faɗa wa masu dariya. Irin ƙwayoyin nan masu gashi ne a can cikin kunnenmu. Allurar jentamisin in ta yi yawa tana kashe su, kuma kin san yaran da sanƙarau ya kurumtar a unguwarmu. Kifi yana mayar da nasa cikin 'yan kwanaki, ɗan Adam kuwa in sun mutu shi ke nan, alhali mu ma muna da irin ƙwayar gadon nan, Atoh1. Me ya sa tamu ba ta sake kunnuwa? Tambayar da ake bi ke nan.

Sai dai ki kula da ruwanki. Awannin girman ɗan tayi da ke cikin littattafai an ƙirga su ne a zafin digiri 28.5, to in wuta ta ɗauke da dare ruwa ya huce, lissafinki ya karkace. Ki riƙa rubuta zafin safe da yamma. Ki guji ruwan da ya taɓa jan ƙarfe, don kaɗan daga cikinsa yana kashe ƙwayoyin layin. Kuma kada ki ɗauka abin da aka gani a zebra haka yake a tarwaɗarmu, sai kin gwada. Ni da so samu ne ma, gashin bakin tarwaɗa da take ɗanɗana abinci da shi za ki bincika nan gaba.

Mamanki na gaishe ki, za ta aiko miki da kuka da daddawa ranar Asabar. Allah ya yi miki albarka.

Babanki