Karen farauta siriri ba yunwa ke damunsa ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili mu yi wa mafarautanmu na Zazzau bayani kan dogayen karnukan nan masu siririn ƙugu. Da ido suke farauta, ba da hanci ba: su hango zomo ko barewa a fili, su bi da gudu. Irin na Ingila yakan kai kusan kilomita 70 a awa.

Jinsin ya daɗe. Akwai zanen irinsu a kaburburan tsohuwar Masar. Larabawa na da Saluki, Maroko na da Sulugi, mu kuma a maƙwabta akwai Azawak, karen Buzaye, wanda ya ci sunan kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali. Sai wajen 1970 aka fara kai shi Turai.

Abin da ke damunmu shi ne masu ɗura masa abinci don sun ga haƙarƙarinsa a waje. Haka Allah ya halicce shi. Babban Azawak kilo 15 zuwa 25 ne, ƙiba kuwa gudunsa take kashewa, ta wahalar da gaɓoɓinsa. Rashin kitsen nan ne ke sa sanyin hunturu ya kama shi da wuri, don haka a shimfiɗa masa buhu a ɗaki. Wasu magungunan sa barci ma sukan daɗe ba su sake shi ba. In za a yi masa aiki, a gaya wa likitan dabbobi jinsinsa, ko a asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ne ko a wani wuri. Allurar haukan kare kuma tun yana wata 3, sannan duk shekara.

Daga masu kiwon karnukan farauta,
Zariya